Wa ke biyan kuɗin kuskuren mai duba?

Sarƙar gwal ta ɓata a gidan gwaggona ana saura kwana 3 bikin 'yarta. Aka zazzage akwatuna, aka ɗaga katifu, aka leƙa har bayan randa, babu ita babu alamarta. Kafin la'asar wata ƙawarta ta ce ta san wani malami a bayan gari wanda ƙasa ba ta yi masa ƙarya. Aka ɗauki goro da kafin alƙalami aka tafi. Malam ya baje rairayi a faifai, ya buga, ya share, ya sake bugawa, ya yi jim, sannan ya faɗi abu uku: sarƙa ba ta bar gidan ba, hannun mace ne ya ɗauke ta, kuma macen ba a gidan aka haife ta ba.

Bai kama sunan kowa ba. To ina ma amfanin kama suna? A gidan akwai yarinya 'yar shekara 13 da aka kawo daga ƙauye tana aikatau. Da na shiga bayan magariba na tarar da ita a durƙushe a tsakar gida, an watsa 'yan tsummokaranta a ƙasa, tana rantsuwa tana kuka, ana ce mata ta fito da ita tun ana mu biyu, ai ƙasa ta nuna ta.

Na ce, "Gwaggo, don girman Allah, wa ya gan ta da idonsa?"

Ta ce, "Kai dai boko ya gama da kai. Malam ya gani."

Tun daga ranar abin yake cina, kuma ga inda na tsaya. Duba, ko da rairayi aka yi shi, ko da wuri, ko da carbi, ko da lissafin taurari, ko a kan mumbarin coci a daren shiga sabuwar shekara, sana'a ce da aka gina ta yadda mai ita ba zai taɓa faɗuwa ba. In ya dace, sunansa ya tashi. In ya kuskure, wani ne zai ɗauki asarar, kuma yawanci wanda ya fi kowa rashin gata a wurin. Don haka duk wanda ya buɗe baki ya ce ya hango gobe ko ya ga abin ɓoye, bashi ya ci. A rubuta, a sa rana, a bi shi.

Magana mai ƙofa biyu

Wayon da malamin bayan gari ya yi wa gwaggona ya girmi garinmu nesa ba kusa ba. A ƙasar Girka (ƙasar nake nufi, ba girkar bori ba) a zamanin da akwai wani ɗakin tsafi a garin Delfi da sarakuna suke aika wa tambaya daga ƙasashe masu nisa. Wata mata ce ke zama a ciki tana magana da sunan gunkinsu Apollo. Hirodotus, marubucin tarihin nan nasu, ya ba da labarin Kurosus, sarkin Lidiya, a yammacin Turkiyya ta yau, mutumin da ake buga misali da dukiyarsa. Ya aika da kyauta har da tubalan zinariya 117 da zaki na zinariya, ya ce a duba masa: ya kai wa Farisa yaƙi ko ya haƙura? Aka ce masa in ya kai yaƙin zai rusa babbar daula.

Ya yi murna, ya ɗaura yaƙi. Sairus na Farisa ya ci shi, ya kama babban birninsa Sardis wajen shekara ta 546 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daular da ta rushe tasa ce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Kurosus ya aika da sarƙoƙin da aka ɗaure shi da su zuwa Delfi, ya ce a tambaye su ko ba su ji kunya ba. Amsar da aka ba shi: laifinka ne, da ka sake aikowa ka tambaya wace daular ake nufi. An karɓe zinariyarsa, ya rasa sarautarsa, sannan aka ɗora masa laifin rashin iya tambaya.

Yanzu ka saurari irin maganganun da ake dawowa da su daga wurin masu duba a yau. "Akwai wata mace a danginku da ba ta son ci gabanka." Wane ne ba shi da mace a dangi? "Na ga tafiya a gabanka." Ko Kasuwar Kurmi ka je ai tafiya ce. "Alheri na tafe, amma akwai hannu a ciki, sai an yi sadaka." In alherin ya zo, malam ya faɗa. In bai zo ba, hannun ne ya yi ƙarfi, ko zakaran da ka kawo jansa bai kai ba, ko ka yi wa wani zancen alhali an ce ka yi shiru. Kowace magana an bar mata ƙofar baya.

"Amma ni ya faɗa mini gaskiya"

Wannan ita ce amsar da na fi sha, kuma ba na ƙaryata masu faɗinta. Na yarda an faɗa musu abin da ya zo daidai. Tambayata ita ce: sau nawa aka faɗa, sau nawa aka dace, kuma wa ke riƙe da lissafin?

Ɗauki lokacin zaɓe. Kujerar gwamna ɗaya ce, masu nema a ce mutum 10, kuma da wuya ka sami wanda ba a yi masa albishir a wani zaure cewa an ga rawani a kansa ba. Dole ɗaya ya ci. Malamin wanda ya ci zai sami mota da kujerar Makka, labarinsa ya cika gari, layin motoci ya toshe lungunsu. Malaman sauran 9 fa? Ba wanda zai ɗauki hoton ɗan takara yana fitowa daga wurinsu da kunya. Shi kansa ɗan takarar ba zai so a ji ba, don an yi dariyar faɗuwarsa sau ɗaya, ba ya son a yi ta biyu.

Shishero, ɗan siyasar Rum ɗin nan, ya kawo labarin wani Bagirke mai suna Diyagoras. Aka kai shi wani ɗakin bauta aka nuna masa zane-zanen mutanen da suka yi bakance a cikin guguwar teku suka tsira, aka ce ga hujja. Ya ce, to waɗanda suka nitse ai ba wanda ya zana su. Shekara fiye da 2,000 ke nan, har yau ba mu fara zana waɗanda suka nitse ba.

A gasar cin kofin duniya ta 2010 wata halittar teku mai hannaye 8 da ake kira Paul, a wani gidan ajiye kifaye a Jamus, ta zaɓi ƙasar da za ta yi nasara a wasanni 8 a jere ba ta kuskure ba, har da wasan ƙarshe da Sifaniya ta ci. Akwatin abinci biyu ake ajiye mata, kowanne da tutar ƙasa, ta buɗe wanda ta ga dama. Da a unguwarmu take, da tuni an gina mata zaure. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, kuma in masu canka suka yi yawa, dole a sami wanda cankarsa za ta yi ta faɗawa daidai na ɗan lokaci.

Sai kuma abin da ba sa'a ba ne, aiki ne. Matar da ta yi miki rakiya wurin malam, wa ya san abin da ta riga ta shaida masa? Zaman jira a zaure, inda kowa ke zazzage damuwarsa ga na kusa da shi, kunnen wa yake shiga? Mace ta shigo da rama, ba lalle, ba ɗan kunne, tana tambaya a kan miji, sai an buga ƙasa kafin a ce mata ana maganar kishiya? Ga kuma tsohon wayon nan na mai duba da mai ciki: ya ce mata namiji ne, ya rubuta mace a takardarsa. In ta haifi namiji, shi ke nan. In ta haifi mace ta dawo da ƙorafi, ya buɗe takarda ya ce ke ce ba ki ji da kyau ba.

Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya riga ya yi maganin wannan. Da aka ce wa Manzon Allah (SAW) ai bokaye kan faɗi abu ya zama gaskiya, sai ya bayyana cewa kalma ɗaya ce ta gaskiya aljani ke fizgowa, su cakuɗa ta da ƙarya 100. Mu kuma ɗayar muke haddacewa.

Akwai ma wani nau'in da ya fi sauƙi, wato faɗin abu bayan ya faru. Kowa ya san masu fitowa a Facebook da TikTok washegarin rasuwar wani babba suna cewa "na faɗa tun bara". Ko a littafin Tarihin Kano an ce Barbushe, mai tsafin Tsumburbura a gindin Dala, yakan fito ya shaida wa mutane abin da zai faru a shekara, har ya ce wani baƙo zai zo ya mallake su, sai ga Bagauda. Labari ne mai daɗi, ina son sa. Sai dai an rubuta shi ɗaruruwan shekaru bayan Bagauda ya zo ya wuce, kuma hasashen da aka rubuta bayan aukuwa bai taɓa kuskure ba.

"Manyan dauloli ma sun yi"

Sun yi, ƙwarai kuwa. Mutanen Babila suna karanta hantar tumaki. Sarakunan daular Shang a Sin, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, suna ƙona ƙashin shanu da ƙoƙon kunkuru su karanta tsagewar. Rumawa ba sa fita yaƙi sai an ga yadda kajin tsafi suka ci tsaba. Larabawan jahiliyya suna da kibau a wurin gunkin Hubal, wata an rubuta umarni, wata hani, wata ba komai. Yarbawa suna da Ifa da babukansa 256. Duk inda ɗan Adam ya zauna, ya nemi leƙen gobe, domin rashin sani yana da ciwo.

Amma yawan masu yin abu ba ya mai da shi gaskiya, kuma ko labaran nasu in ka jera su sai ka ga suna cin juna. Masu kare duba suna son labarin Kalaudiyus, kwamandan jiragen ruwan Rum, wanda a shekara ta 249 kafin haihuwar Annabi Isa aka ce masa kaji sun ƙi ci. Ya ce to in ba za su ci ba su sha, ya sa aka watsa su teku. Ya shiga yaƙi da Kartajawa, mutanen birnin Kartaj na Arewacin Afirka, ya yi asarar jirage 93. Ka ga sakamakon raina duba, in ji su. To ga nawa labarin. A shekara ta 838, Halifa Mu'utasim ya yi niyyar yaƙar birnin Ammuriyya na Rumawa, masu taurari suka ce ba lokacinsa ba ne, ba za a ci garin ba sai ɓaure da inabi sun nuna. Ya yi biris da su, ya tafi, ya ci garin. A kan haka ne mawaƙi Abu Tammam ya yi ƙasidarsa da ke cewa takobi ya fi littattafan taurari gaskiyar labari. Wani ya ƙi jin duba ya faɗi, wani ya ƙi ji ya yi nasara. Abin da ya raba su shiri ne da dabarar yaƙi.

In akwai abin koyi a wurin mutanen da, yana wurin Babilawa, kuma shi ne ainihin abin da masu dubanmu suke gudu. Su sun ajiye lissafi. Tun daga wajen shekara ta 652 kafin haihuwar Annabi Isa, har kusan shekara 600, malamansu suna rubuta abin da suka gani a sama dare bayan dare a allunan laka: inda wata yake, inda taurari suke, yanayin iska da ruwa, tashin kogin Furatu, har farashin sha'ir da dabino da ulu a kasuwa. Niyyarsu neman alamun ƙaddarar sarki ce. Amma da rubutun ya taru, sai wani abu dabam ya fito: suka gane husufi yana maimaita kansa bayan kimanin shekara 18. Ɓangaren da ake iya gwadawa ya rayu ya zama ilmin falaki. Ɓangaren hanta ya mutu tare da masu shi.

Shi ya sa aka iya sanar da mu tun da wuri cewa ranar Laraba 29 ga Maris 2006 rana za ta yi husufi, duhun ya ratsa Ghana da arewa maso yammacin Najeriya da Nijar, kuma aka faɗi sa'ar. Da ba a yi husufin ba, da masu lissafin sun ji kunya a gaban duniya, ba su da ƙofar baya. Haka hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara: a rubuce yake, manomi na iya ɗauko shi a watan Oktoba ya ce nan kun dace, nan kun kuskure. Wane mai duba ne zai yarda a yi masa haka?

"To in bai yi amfani ba, ai bai cutar ba"

A nan ne raina ya fi ɓaci. Ana cewa ai kwantar da hankali ne, mutum ya je ya ji ɗan abin da zai sanyaya masa zuciya, ina laifi?

A daular Assuriya, zamanin Sarki Esarhaddon, wanda ya yi mulki daga 681 zuwa 669 kafin haihuwar Annabi Isa, in masu duba suka ga husufin da suka fassara da mutuwar sarki, akwai maganin da suke yi. Sai a samo wani mutum a sa masa kayan sarauta a ɗora shi a gadon mulki, shi kuma sarkin gaskiya ya ɓuya, har a wasiƙu ana kiransa "manomi". Wannan sarkin aro zai ci ya sha a fada, wani lokaci har kwana 100. In wa'adi ya cika sai a kashe shi, a yi masa jana'izar sarakuna, manomi ya koma gadonsa. Duba ya ce sarki zai mutu, ga shi kuwa sarki ya mutu. Masu duba sun yi gaskiya, sarki ya tsira, wani bawan Allah ya biya da ransa.

Duk lokacin da na tuna wannan, yarinyar tsakar gidan gwaggona nake gani. Ita ce sarkin aron gidanmu. Magana ta fito daga bakin malam, dole ta sauka a kan wani, sai aka duba wanda ba shi da mai tsaya masa.

Haka abin yake a gidaje da yawa. Yaro ya yi ta zazzaɓi, maimakon gwajin jini sai a ce an gani a ƙasa, kishiya ce ta yi masa jifa. Ciniki ya karye, a ce ɗan'uwanka ne ya binne maka abu a ƙofar shago. Amarya ta yi ɓari, a ce uwar miji. Tsohuwar da ta rasa 'ya'ya, talauci ya sa take surutu ita kaɗai, a ce mayya ce ta kama kurwar yaro, a taru a kanta da duwatsu. Zumuncin shekara 40 ya mutu a kan maganar da aka saya da kuɗin zakara, kuma ba kotun da za ka kai ƙara, don wanda ake zargi sau da yawa bai ma san ana zarginsa ba. Sai dai ya ga an daina cin abincin gidansa.

In abin ya hau sama, asarar takan zama ta al'umma. A shekara ta 413 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Atina tana shirin janyewa daga Sirakus a tsibirin Sisili bayan yaƙi ya juya mata baya, sai wata ya yi husufi. Masu duba suka ce a dakata kwana 27, shugaban rundunar, Nikiyas, ya bi maganarsu. Abokan gaba suka toshe mashigar jiragen, aka hallaka rundunar, aka kashe shi, waɗanda suka saura aka zuba su a ramukan fasa dutse.

A Afirka ta Kudu, a 1856, wata yarinya 'yar ƙabilar Xhosa mai suna Nongqawuse ta ce magabata sun yi mata magana: a yanka shanu duka, a bar noma, matattu za su tashi da sababbin garkuna, Turawa su gushe. Mutanen suna cikin ƙunci, cutar huhu tana kashe musu shanu, Turawa suna cin ƙasarsu, sai da yawa suka gaskata, har da sarkinsu Sarhili. Ranar da aka sa ta zo ta wuce ba abin da ya faru. Aka ce laifin waɗanda suka ƙi yanka nasu ne. Masana tarihi sun ƙiyasta shanun da aka kashe sun haura 300,000, mutanen da yunwa ta kashe kuma kimanin 40,000. A Kanungu ta Uganda kuwa, bayan tashin duniyar da shugabannin wata ƙungiya suka yi wa mabiyansu alkawari bai zo ba, an ƙone ɗaruruwan mutane a cikin ɗakin ibada ranar 17 ga Maris 2000, da aka haɗa da gawarwakin da aka tono daga baya adadin ya wuce 700.

Rawani ba ya canza sunan abu

Gwaggona ba za ta taɓa zuwa wurin boka ba. In ka ce mata ta je wurin boka sai ta yi maka Allah ya isa. Wurin malam ta je: ga buzu, ga allo, ga carbi, ga littattafai masu jan bango. Wannan rigar ita ce ta sa abin ya yi mana wuyar magani.

Ba yau aka fara ba. Askiya Muhammadu na Songhai, wanda ya hau mulki a 1493, ya aika wa Shehu Magili tambayoyi, shehin nan da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Cikin abin da ya kai ƙara akwai mutanen da ke da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa, da taurari, da labarin aljanu, da kukan tsuntsaye. Shehin ya yi musu hukunci mai tsanani. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana yadda ake bugun ƙasar dalla-dalla, ɗige-ɗigen da ake yi barkatai a rairayi, a soke su bibbiyu, abin da ya saura a haɗa siffofi 16, sannan ya nuna ba ta da wani tushe da zai kai mutum ga gaibu.

Masu yi suna da hadisin da suke kafa hujja da shi, wanda ke cikin Muslim, cewa akwai wani annabi da yake yin zane, wanda zanensa ya dace da nasa to shi ke nan. Imam Nawawi ya amsa wannan tuntuni: tunda ba mu da hanyar sanin dacewar da yaƙini, ba a halatta mana ba. A cikin Muslim ɗin dai aka ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba. Suratun Namli aya ta 65 ta ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah, ƙarshen Suratu Luƙman kuma ya ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe.

Wani zai ce to kana musun mafarkin gaskiya ke nan, ko addu'a, ko istihara? Ko kaɗan. Amma istiharar da aka koya wa sahabbai raka'a 2 ce da addu'a, mai buƙatar ne ke yin abarsa, yana roƙon zaɓin Allah. Ba a ce ka kai sunanka da sunan mahaifiyarka da na yarinyar da kake nema wani ya kwana a kai, da safe ya ce maka taurarinku ba su haɗu ba. Aure nawa aka fasa a kan wannan? Duba ne aka yi masa wankan tsarki aka sa masa sunan sunna.

Abin da ya fi ratsa ni a wannan babin shi ne ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, rana ta yi husufi. Mutane suka ce don mutuwarsa ne. Ga uba cikin baƙin ciki, ga jama'a sun kawo masa abin da zai ƙara masa girma a idonsu, ko shiru ya yi ya wadatar. Sai ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ka kwatanta wannan da mai jiran wani babba ya mutu ya ce shi ya hango.

'Yan'uwanmu Kirista ma suna da ma'auninsu a rubuce. Littafin Maimaitawar Shari'a 18:22 ya ce in mutum ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Da ana aiki da wannan ayar, da jerin annabce-annabcen da ake karantowa kowane ƙarshen Disamba, na wanda zai ci zaɓe da wanda zai mutu, sun ragu sosai.

A hana da doka?

Nan kam ba na tare da masu cewa hukuma ta kama su duka. An gwada. Sarakunan Rum sun sha korar masu taurari daga birnin, Augustus ma ya hana a yi duba a kan mutuwar kowa, amma marubucinsu Tasitus ya ce wannan jinsin mutane ne da kullum za a hana su, kullum kuma za a riƙe su. Masu korar da rana su ne masu aika musu da dare. Hukuncin Shehu Magili ya haura shekara 500, ga faifan rairayi nan a bayan garinmu. A Disamba 2021 'yan sandan Ghana sun gargaɗi masu annabcin mutuwa da bala'i a daren sabuwar shekara cewa tayar da hankalin jama'a laifi ne, sai wasu suka koma faɗin abin a dunƙule, su sakaya sunan ƙasa da na mutum. Delfi ta dawo ke nan.

Inda nake son hukuma ta sa hannu wuri biyu ne, kuma duka akwai doka a kansu tun da can. Wanda ya karɓi kuɗin mutum da alkawarin ninka su ko ba shi kujera, damfara ya yi. Wanda maganarsa ta sa aka doki wani, aka kore shi, ko aka ɓata masa suna da sata ko maita, a zaunar da shi tare da waɗanda suka yi dukan, ko ya kama suna ko ya yi nuni da baki. Sauran aikin namu ne, don in ɓera da sata daddawa ma da wari, ba wanda malamin ya aika wa takardar gayyata. Ni dai na buɗe wani shafi a wayata: duk wanda na ji ya yi hasashe a fili, in rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, da ranar, in kuma ya ƙi sa wa'adi ko ya ƙi fayyace abin da yake nufi, in rubuta hakan ma. Yawancinsu a wannan layin na biyu suke ƙarewa.

Sarƙar gwaggo ta fito bayan biki da mako 2. Tana cikin wani zanen atamfa a ƙasan akwatinta, inda ita da kanta ta naɗe ta ta ɓoye saboda hayaniyar 'yan biki, ta manta. A lokacin an riga an sa yarinyar a mota an mai da ita ƙauyensu, da saƙo ga iyayenta cewa tana da ɗan hali.

Na je na same ta na ce, "To Gwaggo, yanzu me za a ce da malam?"

Ta yi shiru tana juya sarƙar a hannu. Can ta ce, "Ai bai yi ƙarya ba. Ya ce ba ta bar gidan ba, ga ta. Ya ce hannun mace ne. Ni kuma ai auro ni aka yi, ba a gidan aka haife ni ba."

Na tambaye ta ko za a aika ƙauyen a wanke yarinyar a wurin iyayenta. Ta ce in an sami mai zuwa.